Wuƙar da Bakoji Ya Kawo

Litinin, 25 ga Oktoba, da hantsi

Wannan littafin na saye shi ne don in rubuta labarina na farko. Har na zaɓar wa yarinyar suna, na ba ta gidan bene a Kaduna da mota ja. Shafi uku na rubuta. Yau na yage su na hura wuta da su, sun kuwa kama da kyau.

Kwana huɗu ke nan. Ranar Alhamis ya hau babur ya tafi duba dawarmu a gonar da ke wajen Tabanni, ya ce in ajiye masa tuwonsa. Naziru. A nan zan iya rubuta sunan mijina yadda na ga dama, ba mai kallona. Naziru.

Ba a ji komai ba. Tun da aka kashe sabis a garin nan waya ta koma agogo da fitila. Duk da haka ina duba ta.

Talata, 26 ga Oktoba, bayan azahar

Inna, mahaifiyarsa, tana zaune a gindin bango tana tsintar wake tun safe. Shi ne ɗanta na fari, ba ta taɓa kama sunansa ba, sai dai ta ce wancan. Mata suna shigowa jaje, ita kuma sai ta tambaye su lafiyar yara. Ɗazu wata ta fara kuka, Inna ta ce mata, "Ke Fatsuma, miƙo min faifan nan." Na san kunya ce. Na sani. Amma na so ko wake ɗaya ya faɗo daga hannunta.

Sadisu, ƙaninsa, a da in ya shigo tun daga zaure zan ji shi: "Matarmu, me aka dafa? In babu nama yau saki uku." Yanzu sai ya tsaya a bakin ƙofa ya ce, "Anti, ina wuni," idonsa a ƙasa. Ban san zan yi kewar saki ukun nan ba.

Laraba, 27 ga Oktoba, da la'asar

Ba a ji komai ba.

Alhamis, 28 ga Oktoba, da yamma

Baffa Bakoji ya zo. Bafulatani ne, abokin marigayi surukina, shanunsa ne suke kwana a gonarmu bayan girbi tun kafin a haifi Naziru. Ya shigo gari ba sanda, ba malafa, ya sa wata 'yar hula da ta yi masa kaɗan don kada a riƙa kallonsa. Duk da haka an kalle shi. Bai yarda ya wuce zaure ba, kuma ya ce ni yake nema, ba Inna ba.

Na durƙusa na gaishe shi. Ya daɗe yana amsa gaisuwar, har ta ƙare ya sake ɗaukowa. Sannan ya zaro ƙullin tsumma daga aljihu ya ajiye a tsakaninmu.

"A kan dutsen nan na gindin ɗorawa na gan ta, bakin gona," in ji shi. "A ajiye take, 'yata. Ba a yashe ba. A ajiye."

"Babur ɗin fa, Baffa?"

"Ban ga babur ba."

"Sawu fa?"

Ya kalli ƙofa. "An yi ruwa daren Juma'a."

Na kawo masa ruwa bai sha ba. Ya ce yana so ya fita daga gari kafin rana ta yi sanyi.

Na kwance tsumman. Wuƙar Naziru ce. 'Yar wuƙar nan mai ninkewa da ba ya rabuwa da ita, wadda kakansa ya dawo da ita daga yaƙin Bama na zamanin Turawa. Tsininta ya karye, kamar tsawon gaɓar ɗan yatsa. Ta maƙale a tsakiya, ba ta buɗe ba, ba ta rufe ba. Ƙotarta ta ƙaho ta tsage daga ƙusa har ƙasa. Akwai wani abu baƙi-baƙi da ya bushe a cikin tsagar.

Ban wanke ta ba.

Juma'a, 29 ga Oktoba, da safe

Na kai wa Inna ta gani. Ta dube ta sau ɗaya, ba ta taɓa ba. Ta ce, "Ke aka kawo wa. Ajiye." Ta ci gaba da shara.

Asabar, 30 ga Oktoba, da rana tsaka

Patience maƙwabciyarmu ta kawo min littattafai uku, ta ce karatu zai ɗauke min hankali. Da ita muke musayar littafi tun zuwana gidan nan. Na buɗe na farko. A shafi na arba'in saurayin ya yi hatsari a hanyar Abuja, ni kuwa na riga na san a shafi na casa'in zai farka a asibiti, yarinyar tana riƙe da hannunsa. A littafi ko ba a gaya maka ba, kana jin kaurin shafukan da suka rage a hannunka na dama, ka san ba za a kashe shi yanzu ba.

Ni ban san nawa ya rage ba.

Da yamma Naziru yakan zauna a kan turmi yana fere min rake da wuƙar nan, ni ina karanta masa. Ba ya bari in yi shafi ɗaya lafiya. "To shi wannan Alhajin naki mai kamfani bakwai, yaushe yake zuwa aiki? Kullum yana mota yana kallon idonta." In na yi fushi na rufe littafin sai ya ce, "A'a, ci gaba mana, ina so in ji ko uban zai yarda."

Ban san me ya sa na rubuta wannan ba.

Lahadi, 31 ga Oktoba, bayan magariba

Na sake zuba tuwonsa a kwanonsa. Da safe Sadisu zai ci ɗumame.

Litinin, 1 ga Nuwamba, da hantsi

Sadisu ya bi motar Funtuwa har inda ake samun sabis, ya kunna wayarsa da tawa, ya zauna a gindin bishiya awa huɗu. Saƙon kamfanin waya ne kawai ya shigo. Mutanen Damari da 'yan bindiga suka tafi da nasu, an kira su neman kuɗin fansa cikin kwana uku. Haka ake yi, kowa ya sani. Mu ba a kira ba.

Wata ta ce alheri ne. Wata ta ce wani abu daban, ta ɗauka ban ji ba.

Talata, 2 ga Nuwamba, da la'asar

Yau na gane wuƙar nan ba tawa ba ce ni kaɗai.

Sadisu ya zo ya tsaya a bakin ƙofata yana murza hula. Ya ce dawa ta nuna, tsuntsaye sun fara sauka, kuma an ce nan da mako biyu masu tsaro za su raka mutane gonakin wajen Tabanni, kwana biyu kacal, wanda ya yanka ya yanka. A gidan nan kuwa, tun zamanin kakansu, ba a sa lauje a dawa sai mai gida ya yanke zangarniya ta farko da wannan wuƙar. Na taɓa gani bara, na ɗauka wasa ne irin na Naziru.

"Ni wallahi Anti ko da reza zan yanka," in ji shi. "Inna ce. Ta ce dawar da ba a buɗe da ita ba, ba za ta shiga rumbunta ba."

"To ai ga ta a karye."

"Shi ya sa na ce ko za a kai wa Baba Micah maƙeri."

Na ce zan yi tunani. Ya ce to. Bai tafi ba, ni ma ban ce ya zauna ba.

Laraba, 3 ga Nuwamba, da yamma

Na je maƙera. Patience ce ta raka ni, Baba Micah surukinta ne. Tsoho ne Bagwari, ɗan siriri, gashin hannunsa duk wuta ta cinye. Ƙauyensu ɗaya da su Naziru, kuma shekara ɗaya suka taso suka dawo cikin gari. Yana gani na ya ce, "Amarya, har yanzu ba ki yi ƙiba ba? Me suke ba ki a gidan nan?" Da na kwance tsumman sai ya daina dariya.

Ya juya ta a tafin hannunsa. Ya kai ta hanci. Ya kankare baƙin abin nan da farce, ya murza.

"Tsatsa ce da ƙasa," in ji shi.

Ban tambaye shi ba. Ban san me ya sa ya faɗa ba tun ban tambaya ba.

Ya ce wuƙa ba ta karyewa haka a yanka. An cusa tsinin ne a wani abu mai tauri aka banƙara, kamar mai son ɓalle kwaɗo ko buɗe zoben sarƙa. Na ce to wane ne ya banƙara? Ya ce ƙarfe ba ya faɗin suna.

Sannan ya gaya min abin da ban sani ba. Gyaran wuƙar gidan nan iri biyu ne, kuma mahaifinsa ne ya fara yi musu. In mai ita yana raye, ana gyara ta a kan ƙotarta, ba a taɓa ƙahon. In ba ya raye, sai a cire ƙotar a miƙa wa matarsa, a sa sabuwa, a ba wanda zai gaje shi. Shi da kansa ya sa wa Naziru wannan ƙahon shekara bakwai da suka wuce, da mahaifinsu ya rasu.

"Ba na tambayar ƙane, ba na tambayar uwa," in ji shi. "Matar nake tambaya. Ke za ki ce min yana nan, ko ki ce min ba ya nan. Abin da kika faɗa shi zan yi."

Na ce, "Baba, in ban sani ba fa?"

"To sai ki mayar da ita gida. Wuƙa ba ta sauri."

Muna fita ya ƙara da cewa in sani, ko wanne na zaɓa sai ya wasa bakin ya fitar da sabon tsini, karayar za ta tafi. Kuma ƙahon ya tsage, in ya bugi ƙusar yana iya rabewa biyu. In ya rabe, dole a sa sabo, ko me na faɗa.

A hanya Patience ta yi ta ba ni labarin wata mata da ta kawo ɗinki ta ce a yi mata irin na hoto, alhali hoton siket ne ita kuma yadi ɗaya ta kawo. Na yi dariya a inda ya kamata.

Alhamis, 4 ga Nuwamba, da safe

Mako biyu.

Juma'a, 5 ga Nuwamba, bayan azahar

Na fito da ita na ajiye a kan gado ina kallo. In ka sa yatsa a wurin karayar akwai kaifi uku, ɗaya dogo, biyu gajeru. Na san su yanzu kamar haƙorana. A gefen ƙahon akwai wurin da ya lotsa ya yi santsi, nan babban yatsansa yake zama. Nawa ya yi kaɗan a wurin.

Wannan karayar ita ce abu na ƙarshe da na san ya faru. Duk abin da ya biyo baya ban sani ba. In hannunsa ne ya banƙara, to yana da ƙarfi a lokacin, kuma yana ƙoƙari. In shi ne ya ɗora ta a kan dutse, to ya san Baffa Bakoji yana bi ta wurin, ya san za a kawo min. Wasiƙa ce ke nan. Wa yake kai wasiƙa a goge masa?

In kuma ba shi ba ne ya ɗora ta.

A'a.

Asabar, 6 ga Nuwamba, da la'asar

Ba a ji komai ba. Na wanke kayansa, waɗanda dama a wanke suke.

Litinin, 8 ga Nuwamba, da hantsi

Ummata ta aiko daga Zariya, ta bakin wani direba, wai in taho gida in zauna har a ga abin da Allah zai yi. Na ce a gaya mata ina nan lafiya. In na tafi ya dawo ya tarar da ɗaki a kulle fa? Ba shi da makulli, nasa yana jikin na babur.

A littattafai in irin wannan ta faru, yarinyar takan rame ta yi haske, ta zauna a bakin taga da Alƙur'ani, kowa yana tausayinta. Ni ƙuraje ne suka fito min a goshi, kuma yunwa nake ji kullum, har kunya nake ji in ƙara tuwo a gaban Inna.

Talata, 9 ga Nuwamba, da yamma

Mun yi faɗa da Sadisu. Ba faɗa sosai ba, shi ba ya ɗaga min murya.

Ya ce an tsayar da rana, Laraba da Alhamis na mako mai zuwa. Ya ce masarar da ke rumbu ba za ta kai mu watan azumi ba, kuma wannan dawar Yaya ne ya shuka ta, ya yi mata noma uku, shi Sadisu yana biye da shi a baya.

"Anti, ki ce yana nan kawai. Mene ne a ciki? Kalma biyu ce."

"In mai sauƙi ce, kai ka je ka faɗa."

"Ai ba ni ake tambaya ba."

"Ko so kake a sa maka sabuwar ƙota?"

Ban san daga ina maganar ta fito ba. Ya tsaya yana kallona, bakinsa ya ɗan motsa. Sai ya ce, "Allah ya huci zuciyarki," ya fita. Bai ci abincin dare ba. Na ji Inna tana kiransa sau biyu.

Laraba, 10 ga Nuwamba, da safe

Ban ba shi haƙuri ba. Na soya masa ƙwai biyu na aika, ya dawo da kwanon a wanke.

Alhamis, 11 ga Nuwamba, bayan azahar

Abin da na kasa gaya wa Sadisu shi ne wannan. Tsohon nan zai kalle ni in faɗa, kuma zai yarda da ni. In na ce yana nan, na faɗi abin da ban sani ba a gaban wuta, kan maganar rai. In na ce ɗayar, harshena ba zai iya ba. In kuma na ce yana nan, ya ɗaga guduma ya buga, ƙahon ya rabe a gabana, to me aka gaya min ke nan?

Muddin tana cikin tsumma a karye, ba abin da aka yanke. Ranar Alhamis ɗin nan ba ta ƙare ba tukuna. Yana bakin gona.

Na san tunanin banza ne. Malamin unguwarmu ya ce rai da ajali ba sa cikin ƙaho. Na sani.

Juma'a, 12 ga Nuwamba, da la'asar

Ba a ji komai ba.

Asabar, 13 ga Nuwamba, da hantsi

Patience ta zo karɓar littattafanta, ta ga ban wuce inda na tsaya ba. Ta ce in bari ta gaya min ƙarshen. Na ce a'a. Ta ce, "Ya warke, sun yi aure, an haifi 'yan biyu. Ga shi na hutar da ke." Na jefe ta da matashi. Shi ne karo na farko da aka yi hayaniya a ɗakin nan cikin mako uku, har Inna ta leƙo.

Da za ta tafi ta ce suna sa sunansa a addu'a a cocinsu kowace Lahadi, Baba ne ya ce a sa. Ta ce, "A layin marasa lafiya da matafiya yake, Na'ima. Ba a ɗaya layin ba."

Lahadi, 14 ga Nuwamba, da yamma

Inna ta kira ni ɗakinta. Tun da aka kawo ni gidan nan ban taɓa wuce bakin ƙofarta ba sai in shara zan yi. Ta ce in zauna a bakin gado. Ta jawo wata tsohuwar kwalla daga ƙarƙashi, ta ɗaga zannuwa, ta fito da ɓallin ƙaho guda biyu ɗaure da zare. Sun yi ja saboda tsufa. Ƙotar mijinta ce.

Ta ɗora min a cinya. Akwai lotsawar yatsa a jiki, ta fi ta Naziru faɗi.

"Ni da tsohon can ya tambaye ni, na faɗa masa," in ji ta. "Don na gani da idona, ni na shafa masa ruwa a fuska. Ke me kika gani?"

Na ce ban ga komai ba, Inna.

"To."

Kaza ta shigo, ba wanda ya kore ta.

Na ce, "Inna, in ƙahon ya rabe fa?"

"In ya rabe ƙaho ne ya rabe. Sa ne ma ya mutu aka samo shi."

Ta karɓi abinta ta mayar. Tana rufe kwallar, bayanta gare ni, ta ce, "Wancan tun yana yaro ba ya ajiye abu inda ba zai koma ya ɗauka ba. Har duka na yi masa kan ɓoye-ɓoye." Murfin kwallar ya ƙi zama, ta yi ta gwadawa, ta yi ta gwadawa. Na tashi na fita don kada ta san na ga hannunta.

Litinin, 15 ga Nuwamba, da safe

Na ɗora wuƙar a kan shafin baya na littafin nan na zagaye ta da biro, har da kaifi ukun. Zanen bai yi kyau ba, hannuna ya goce a wajen tsagar. Na sake yi a wani shafin. Shi ma bai yi ba.

Talata, 16 ga Nuwamba, bayan azahar

Na je maƙerar Baba Micah ni kaɗai.

Yana gyaran lauje, mutane sun yi layi saboda gobe. Da ya gan ni ya ce su ba shi wuri, su je su sha inuwa. Ya goge hannu a riga. Bai ce min amarya ba yau.

Na kwance tsumman na miƙa masa. Bai karɓa ba.

"Mai wuƙar nan fa?" in ji shi.

Na ji muryata ta fito ƙarama kamar ta wata. Na ce, "Yana nan."

Ya dube ni. Na ɗauka zai ce in sake faɗa, ko ya ce ina yake. Sai kawai ya ce, "To, madalla," ya karɓa da hannu biyu.

Kafin ya taɓa ƙusar sai da ya naɗe ƙahon da tsumma mai jiƙe da man gyaɗa, ya ɗaure tam. Ya ce in ina so in juya baya. Ban juya ba. Bugu uku ya yi, ƙanana, kamar mai ƙwanƙwasa ƙofar mara lafiya. A na uku na ji wani ɗan ƙas. Ya tsaya. Ya kwance tsumman a hankali. Tsagar ta ƙaru, ta kusa kaiwa ƙarshe, saura kamar faɗin ƙwayar dawa. Amma ba ta rabe ba.

Ya ɗaure ta da jar waya, zagaye shida, ya sa sabuwar ƙusa. Sannan ya ɗauko dutsen wasa wuƙa ya zuba ruwa. Wannan ne ban iya kallo ba. Na kalli bango ina jin sautin, gaba da baya, gaba da baya, na san dogon ne yake tafiya, sai gajerun. Bai fi minti ashirin ba.

Da ya miƙo min, tana buɗewa tana rufewa da 'yar ƙara mai daɗi. Ta gajarta. Bakinta fari tas, kamar ba ta taɓa zuwa ko'ina ba.

"Za ta riƙe na bana," in ji shi. "Baɗi ban sani ba."

Talata, da la'asar

Na sami Sadisu a zaure yana ɗaura buhuna a babur ɗin aro. Na miƙa masa. Na ce, "Aro ne. Ta yayanka ce, ka dawo min da ita a hannuna."

Ya buɗe ya rufe. Ya shafa jar wayar da yatsa. Ya ce, "To, Anti." Har na juya ya ce, "Ƙwan ranar nan gishiri ya yi yawa." Na ce gobe ya soya da kansa.

Laraba, 17 ga Nuwamba, da hantsi

Sun tafi tun da sassafe, babura sun fi talatin. Ni da Inna muna tsakar gida. Ba ta tsinci komai ba yau, ni ma ban buɗe komai ba. Duk ƙarar da aka yi a waje sai mu ɗaga kai tare.

Alhamis, 18 ga Nuwamba, bayan magariba

Sun dawo, kowa da kowa. Rabin gonar suka samu yankewa kafin a ce a tashi. Sadisu ya ce shi ya yanke ta farkon, ya ce bismilla, ya ce a madadin Yaya, da ƙarfi yadda na kusa da shi suka ji. Ya ce wuƙar tana ci kamar sabuwa. Ya je gindin ɗorawar ya duba dutsen. Dutse ne kawai.

Ya dawo min da ita a hannuna.

Mako huɗu. Ba a ji komai ba.

Asabar, 20 ga Nuwamba, da safe

Dawa tana shanye a tsakar gida, ja wur, kaji sun hana mu sakat. Inna ta ce a fara tuwonta ranar Juma'a.

Na fito da wuƙar ɗazu na bi bakinta da yatsa daga ƙasa har tsini. Ba inda yatsana ya tsaya. In ya dawo zai ce wa ya taɓa masa wuƙa, kuma sai na yi masa bayani tun daga farko. Na shirya yadda zan faɗa.

Ban sani ba ko na yi wa tsohon nan ƙarya. Ranar Talata da zan baro maƙerar ya biyo ni har bakin hanya, ya ce in magana ta canza, ba sai na buɗe baki ba. In zo kawai in ɗora ta a kan uwar maƙera in koma gefe, zai gane.

Na naɗe ta a sabon ƙyalle na sa a ƙasan akwati, can ƙarƙashin zannuwan aurena, inda hannu ba zai kai da sauri ba.